Kaduna Nzeogwu: ɗan gari ne, ko baƙo mai jin Hausa?

Abu Safiyya

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata tambaya ce ta daɗe tana cin raina, na ga gara in kawo ta nan inda akwai manya da masu karatun tarihi.

Babu ɗan Arewan da bai san sunan Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ba. Shi ya jagoranci sojojin da suka far wa gidan Sardauna cikin daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu, 1966. Amma mu nawa ne muka tsaya muka dubi mutumin kansa? A Kaduna aka haife shi a 1937. A Kaduna ya yi firamare, a nan ya yi sakandare a St. John's, wadda yau ake kira Kwalejin Rimi. Iyayensa mutanen Okpanam ne, kusa da Asaba. Yana jin Ibo, Turanci kuwa har Sandhurst ya je a Ingila, amma waɗanda suka zauna da shi sun shaida Hausa ce ta fi zama a bakinsa, har abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan garin. Yana da shekara 28 ya yi abin da ya yi. Yana da 30 aka kashe shi yana yaƙi a ɓangaren Biyafara, aka ɗauko gawarsa aka kawo Kaduna aka binne.

To shi a ransa ɗan ina ne? Kuma da yaƙi ya zo, zaɓa ya yi ko tura shi aka yi? Don Allah a yi magana da ilimi, ban kawo don a yi zagi ba.

Ɗan Rigasa

Wa alaikumus salam. Malam, wannan ai ba tambaya ba ce. Maci amana ne, shi ke nan. Ya sha ruwan Kaduna, ya ci tuwon Kaduna, ya girma ya ɗauki bindiga ya kashe uban Kaduna. Da ɗan gari akan ci gari. Jin Hausarsa ma shi ya ƙara wa laifin nauyi.

Ɗalibin Tarihi

Ɗan Rigasa, a yi haƙuri a bi a hankali. Ba wanke shi zan yi ba, amma akwai abubuwan da ba za a tsallake ba in ana son amsa tambayar Abu Safiyya.

Cikin manjojin da suka kitsa juyin mulkin akwai Adewale Ademoyega, Bayarabe ne. A Kaduna a wannan daren, ban da Sardauna, an kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa, an kashe Kanar Ralph Shodeinde, duka Yarabawa. A Ikko (Legas) an kashe Laftanar Kanar Arthur Unegbe, shi kuma Ibo ne. Jawabin da Nzeogwu ya yi a gidan rediyon Kaduna da ranar Asabar ɗin, bai ambaci wata ƙabila a matsayin abokiyar gaba ba. Masu cin hanci ya lissafa, da masu karɓar kashi goma cikin ɗari a kwangila, da masu raba kan jama'a don su dawwama a mulki. Shi a ganinsa ɗan Nijeriya ne kawai, ba ɗan Gabas ba, ba ɗan Arewa ba. Ko ganin nasa daidai ne, wannan wata magana ce daban.

Tsohon Hedimasta

Yarona Ɗalibi, ka yi karatu, Allah ya ƙara basira. Amma ka lissafa rabi ka bar rabi.

Ni ina ɗan firamare lokacin, kuma cikin azumi ne, an shiga goman ƙarshe. Abin da ban manta ba shi ne mahaifina zaune a zaure da rediyo a kan cinyarsa, yana murɗa ta a hankali, ya ƙi ko ɗaga kai ya dube mu. Da aka sha ruwa kunun ma bai taɓa ba. Matan gida suna ta salati a ciki. Mu yara ba mu san me ya faru ba, mun dai ga babu mai tsawata mana, abin da bai taɓa faruwa ba.

Yanzu ga sauran lissafin. An kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. An kashe Sardauna. An kashe Firimiyan Yamma Akintola a Ibadan. An kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Pam, wato kusan duk manyan hafsoshin da Arewa take da su. Firimiyan Gabas Michael Okpara ko ƙwarzane bai samu ba. Firimiyan Tsakiyar Yamma Dennis Osadebay haka. Shugaban ƙasa Azikiwe yana ƙasar waje. Wanda mulki ya faɗa hannunsa kuma Janar Ironsi, su huɗun nan duka Ibo ne. To ka ce wa mutumin Kano ko na Sakkwato na wancan lokacin kada ya ga ƙabilanci a nan? Me zai gani?

Zan iya yarda cewa shi Nzeogwu a zuciyarsa bai ɗauki kansa ɗan ƙabila ba. Ya aiwatar da nasa ɓangaren a Kaduna har ƙarshe, abokansa na Kudu suka yi rabi suka bari. Sai dai mutane ba zuciya suke gani ba, gawa suke ƙirgawa.

Umman Khalil

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da ke tsaya mini a wuya duk lokacin da aka ɗauko zancen nan shi ne Hafsatu, uwargidan Sardauna. Ita wace kwangila ta ci? Matar Ademulegun fa? Kullum maza in suna wannan muhawara sai su yi ta jera manjo da kanar, matan nan biyu a ambace su a gurguje kamar kayan ɗaki ne suka ƙone. Mutumin da ya tashi a cikinmu ya san me ake nufi da cikin gida. Ya san inda namiji baƙo yake tsayawa ya yi sallama. Ya sani sarai, ya kuma shiga da wuta.

Ɗan Rigasa

Allah ya saka da alheri Hajiya. Abin da nake faɗa ke nan.

Ɗalibin Tarihi

Hajiya, ba ni da amsar wannan, kuma ba na jin akwai mai ita.

Amma bari in ƙara wani abu da ya shafi harshen. Nzeogwu shi ne babban mai koyarwa a kwalejin horar da sojoji ta Kaduna, kafin nan kuma ya yi aikin leƙen asirin soja. Da sunan atisayen dare ya fitar da sojoji, atisayen da aka sa wa suna Damisa. Da yawa cikin ƙananan sojojin da suka bi shi 'yan Arewa ne, kuma ba su san inda aka dosa ba sai da tafiya ta yi nisa. Masu kare shi sukan kafa hujja da wannan su ce ai ga 'yan Arewa a tare da shi. Ni kuwa ina ganin hujjar ta fi ƙarfi a kansa. Me ya sa suka bi shi cikin dare ba tambaya? Umarnin soja, na'am. Amma kuma hafsa ne da ke musu magana da harshen da uwarsu ta yi musu, sun ɗauke shi nasu. Wannan yardar ya kashe a daren.

Bazazzagiya

To ashe kai da Ɗan Rigasa bakinku ɗaya, faɗin ne ya bambanta.

Ɗalibin Tarihi

A'a Yaya. Shi cewa yake mutumin ya tsani Arewa yana ɓoyewa. Ni cewa nake mai yiwuwa ne yana ƙaunar Kaduna da gaske, kuma ya aikata abin da ya aikata. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Ɗan Sabon Gari

Jama'a sannunku. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika magana ba, amma yau dole in sa baki. Ni Ibo ne, a Kano aka haife ni, a Kano aka haifi mahaifina. Hausar da kuke gani ba a makaranta na koya ba.

Babu wanda ya kai irinmu jin haushin Nzeogwu, wannan ku riƙe. Shi ya yi harbinsa aka kai shi kurkuku, gadi a ƙofa, abinci na zuwa. Waɗanda suka biya bashin su ne masu shago da ma'aikatan jirgin ƙasa da teloli da ba su taɓa jin sunansa ba sai a rediyo. A watan Mayu na 1966 aka fara kashe-kashen, bayan Ironsi ya fitar da dokar nan mai lamba 34 da ta rushe jihohi. Na ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ya fi muni, dubban mutane suka mutu.

Mahaifina yana saurayi lokacin. Maƙwabcin kakana a kasuwa, wani dattijo mai sayar da goro, shi ya kwashe su ya kai gidansa cikin birni. Ya shigar da su har ɗakin uwargidansa, inda ko ƙannensa maza ba sa shiga. Aka ba kakata zane da mayafi. Da masu nema suka zo ƙofar gida, dattijon ya shimfiɗa buzunsa a bakin zaure ya zauna da carbi, ya ce duk mai son shiga wurin iyalinsa sai ya tsallake shi. Ba wanda ya tsallake. Daga baya ya sa aka raka su tasha.

Ga inda zancen ya haɗu da tambayar Abu Safiyya. Da suka isa Gabas, mahaifina bai iya Ibo sosai ba. In ya buɗe baki sai yara su yi dariya, suna ce masa Bahaushe. In ya yi tuntuɓe "wayyo Allah" ke fita daga bakinsa. Da yaƙi ya ɓarke kuwa abin ya daina zama na dariya, domin ana farautar masu yi wa Biyafara zagon ƙasa, kuma saurayin da Hausa ke kuɓuce masa abin zargi ne. A Kano an ce shi Ibo ne, a ƙauyen ubansa an ce shi Bahaushe ne. Ya ce mini a shingen bincike ya koyi yin shiru, ya bar kakata ta yi magana. Bayan an gama yaƙi a 1970 ya tattara ya dawo Kano, a nan ya rasu.

Umman Khalil

Allahu akbar. Allah ya jiƙan wannan dattijo, ya sa abin da ya yi ya zame masa haske a kabari.

Ɗan Rigasa

Ɗan'uwa, na ji labarinka kuma wallahi ya taɓa ni. Kashe mai shago saboda laifin soja zalunci ne, addininmu bai yarda da shi ba. Amma kada a manta wa ya fara. Kuma manya sun ba mu labarin yadda wasu suka riƙa yi wa mutane dariya da izgili a kasuwa bayan rasuwar Sardauna.

Ɗan Sabon Gari

Na ji wannan labarin ni ma, daga bakin mahaifina, kuma bai musa ba. Ya ce rashin hankali ne. Amma kakata ba ta yi wa kowa dariya ba.

Mai Kula da Zaure

Jama'a a lura. Na goge saƙonni biyu da suka zagi ƙabila ɗungurungum. Wanda ya sake zan fitar da shi, ko waye. A koma kan tambaya.

Abu Safiyya

Na gode shugaba. Ɗan Sabon Gari, labarin mahaifinka ya kawo mu daidai rabin tambayata na biyu. Mahaifinka bai da zaɓi. Shi Nzeogwu fa, da yaƙi ya zo?

Ɗalibin Tarihi

Nan ne labarin ya fi ɗaure kai, kuma nan ne aka fi yin shiru a kai.

Bayan juyin mulkin ya wargaje a Ikko, Nzeogwu ya riƙe Kaduna na 'yan kwanaki. Ojukwu, wanda ke riƙe da bataliya ta biyar a Kano, ya ƙi ba shi haɗin kai. Daga ƙarshe aka turo Laftanar Kanar Conrad Nwawo, wanda yake ganin girmansa, ya lallashe shi ya tafi da shi Ikko. Aka tsare shi a Kirikiri, daga baya aka mayar da shi kurkuku a Gabas. Ironsi bai gurfanar da su gaban kotun soja ba, wanda yana cikin abin da ya harzuƙa sojojin Arewa har suka yi nasu juyin a 29 ga Yuli, 1966. Da Nzeogwu yana Ikko a wannan ranar, da wuya ya kwana. Zamansa a Gabas ne ya tsirar da shi. Ojukwu, wanda a lokacin shi ne gwamnan soja na Gabas, ya sake shi a farkon 1967.

Sai ga shi a wata hira da ɗan jarida kafin a fara yaƙi ya fito fili ya ce ɓallewa kuskure ne, ba kuma za ta yiwu ba. A ƙasar Ojukwu yake zaune yana faɗin haka. Tsakaninsu dama babu jituwa tun daga abin da ya faru a Kano. Wani abin kuma, garinsu Okpanam ba ya cikin Biyafara ma, yana Jihar Tsakiyar Yamma ne, tsallaken kogin Kwara. Aka ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli, Nsukka ta faɗi hannun sojojin tarayya cikin wannan watan. Ranar 29 ga Yuli, 1967 aka yi masa kwanton ɓauna a kusa da Nsukka aka kashe shi. Ko wata guda bai cika a yaƙin ba.

Wato ya mutu yana kare ƙasar da ya ce bai kamata a kafa ba, yana harbin rundunar da shi ya horar da wasu daga cikin sojojinta.

Bazazzagiya

To wa ya aike shi? In har bai yarda da ɓallewa ba, ya zauna a ɗaki mana. Ko ya tsallaka Kamaru. Ni ban yarda da zancen "ba shi da zaɓi" ba. Mai sayar da goron nan ma ai yana iya cewa ba shi da zaɓi ya rufe ƙofarsa, amma ya shimfiɗa buzu.

Tsohon Hedimasta

'Yata, kin yi magana. Amma ki duba inda yake tsaye. Arewa ba ta shiguwa gare shi, wannan a fili yake. Ikko tana hannun sojojin da ya kashe musu manya. A Gabas talakawa da ɗalibai suna ɗaukarsa gwarzo, gwamnan kuma yana masa kallon hadarin kaji. Soja ne da bai iya komai ba sai aikin soja, bai da mata, bai da 'ya'ya, ga sojoji sun shigo ƙasar da ta ba shi mafaka, ga mutanen da suka gudo daga Arewa da abin da suka gani. In ya naɗe hannu, sunansa maci amana a karo na biyu. Kin san kuwa abin da ya sami abokinsa Emmanuel Ifeajuna, wanda ya jagoranci na Ikko? A Satumban 1967 Ojukwu ya sa aka harbe shi a Inugu tare da Victor Banjo da wasu mutum biyu, bisa zargin cin amanar Biyafara. Da Nzeogwu ya kai wannan watan da rai, ban san a wane layi zai tsaya ba.

Ba tausayinsa nake ji ba. Ƙofofin nan da suka rufe, shi ya rufe su da hannunsa tun daren Janairu. Zaɓinsa na gaske a can ya yi shi, lokacin babu yaƙi, babu mai bin sa da bindiga, yana da albashi da muƙami da daraja. Abin da ya biyo baya duk gangara ce.

Ɗan Sabon Gari

Baba, wannan ita ce maganar da na fi yarda da ita tun da aka fara. Shi ya sa ba na son a haɗa shi da irin mahaifina a ce duk yaƙi ne ya raba musu hankali. Ba ɗaya ba ne.

Abu Safiyya

Wani abu da na lura da shi: shi kansa Ojukwu a Zungeru aka haife shi a 1933, yana jin Hausa, kuma abokin Sarkin Kano Ado Bayero ne. Gowon ɗan ƙabilar Angas ne da ya tashi a Wusasa, ya yi Barewa. Azikiwe ma haihuwar Zungeru ne. Kusan duk manyan da ke cikin rikicin nan za su iya zama a tabarma ɗaya su yi hira da Hausa ba tafinta.

Umman Khalil

Sun zauna ai, a Aburi ta ƙasar Gana, Janairun 1967. Ba tafinta suka rasa ba. Kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya faɗa, suka dawo gida kowa ya ba da nasa labarin.

Ɗan Rigasa

Ni duk wannan na ji. Abin da har gobe ban gane ba shi ne binne shi da aka yi a Kaduna, a maƙabartar sojoji, da cikakkiyar girmamawar soja. A garin da ya yi ɓarnar! Wa ya ba da wannan shawara?

Ɗalibin Tarihi

Umarnin Gowon ne. Ka tuna matsayin gwamnatin tarayya a lokacin shi ne ba da wata ƙasa ake yaƙi ba, 'yan'uwa ne suka yi tawaye za a dawo da su. In ka wulaƙanta gawar hafsan da ya sa kakin Nijeriya, ka ƙaryata kanka. Kuma hafsoshi da yawa na ɓangaren tarayya abokansa ne ko ɗalibansa. Obasanjo amininsa ne na ƙut da ƙut, bai taɓa ɓoye hakan ba.

Ɗan Rigasa

Siyasa ke nan. A kai shi Okpanam mana, ko ba su da ƙasar binne mutum?

Bazazzagiya

Kai ma dai Ɗan Rigasa. Ɗazu ka ce laifinsa ya yi nauyi ne saboda shi ɗan gari ne. Yanzu kuma ka ce a kai shi garinsu. Wanne ne garin nasu?

Ɗan Rigasa

Yaya, kada ki juya mini magana. Haihuwa daban, halacci daban.

Tsohon Hedimasta

Ku bar gardamar kabari, wanda ke ciki ya riga ya tarar da abin da ya aikata. Ni in da za a ba ni dama in yi tambaya ɗaya, ba Nzeogwu zan tambaya ba. Sajan ɗin nan ɗan Arewa zan nema, wanda aka tasa cikin dare da sunan atisaye, ya tsinci kansa a ƙofar gidan Firimiya, hafsansa na ba shi umarni. Akwai irinsu da yawa, wasunsu sun yi yaƙin basasa har ƙarshe a ɓangaren tarayya, suka yi ritaya suka koma garuruwansu.

Ɗan Sabon Gari

Baba, in an yi masa tambayar me kake so ya ce? Soja ne, in ya ƙi a harbe shi a wurin.

Tsohon Hedimasta

Ban ce ina da amsar da nake so ya bayar ba, ɗana. So nake in ji me ya gaya wa 'ya'yansa da suka tambaye shi inda yake a wannan daren.

Umman Khalil

In ma ya gaya musu. Kawuna ya yi yaƙin nan tun daga Nsukka har aka gama, ya dawo da tabo a cinya. Har ya koma ga Allah, in aka ɗauko zancen sai ya ce a kawo masa buta.

Abu Safiyya

Ɗalibi, ka ce wasu hafsoshin tarayya ɗalibansa ne. Akwai wanda ya fito ya yi bayanin yadda aka gane gawarsa a Nsukka? In kana da abin da ka tabbatar, kawo mana gobe, amma ban da jita-jitar Facebook.

Ɗalibin Tarihi

In sha Allahu zan duba. Ɗan Rigasa kuma har yanzu Yaya Bazazzagiya na jiran amsarka, "haihuwa daban, halacci daban" ba ta biya ba.